Ɗigon Ajami a Allon Malama Maijidda

Tun da Malama Maijidda ta yi ritaya daga koyarwa ta ɗauri aniyar juya waƙoƙin kakarta daga ajami zuwa boko. Takardun dai tuni gara ta cinye su. Hotunansu kaɗai suka rage, waɗanda ɗanta Muntaka ya zuba mata a laftof, ya kuma jona mata babban allon kwamfuta da wata tsohuwar wayar haɗi mai shuɗin kai.

Allon ne ya dame ta. Kowane harafi da inuwa a gefensa, ɗigo ɗaya sai ya koma kamar biyu, ta rasa ko "bara" kakar ta rubuta ko "yara". Dole ta riƙa ƙara girman hoton kalma-kalma, shafi ɗaya ya cinye mata yini.

"Umma, ido ne," in ji Muntaka. "Mu je a canja miki tabarau."

"Da wannan tabarau na zura zare a allura ɗazu," ta ce.

Ta riga ta lura cewa a ƙaramin allon laftof ɗin babu inuwa, kuma duk sanda ta taɓa wayar, inuwar kan yi rawa. Washegari ta naɗe babban allon da zani, ta haɗa da laftof ɗin da wayar, ta hau Keke Napep da su har shagon Udoka, mai sayar da kayan kwamfuta a bakin titin Tudun Wada.

Udoka ya jujjuya wayar. "Hajiya, wannan VGA ce, tsohon yayi. Hoto take kaiwa kamar tashar rediyo, yana iya shan ƙasa a hanya. Ta zamani, HDMI, lambobi take kaiwa: ko hoto ya zo garau, ko kada ya zo. Amma allonki ba shi da ramin HDMI. Bari in ba ki sabuwar VGA, za ki samu sauƙi."

Ya jona. Inuwar ta ragu, amma tana nan.

"Ba sauƙi na zo nema ba," ta ce. Ta juya bayan allon da kanta, ta ɗora yatsa a wani farin rami mai faɗi. "Wannan fa, na ado ne?"

Udoka ya sosa ƙeya. "DVI ke nan. Shi ma lambobi yake karɓa. Akwai waya mai kan HDMI a gefe ɗaya, kan DVI a ɗayan, sai dai na shekara ba a tambaye ni ita ba."

"Yau an tambaya."

Ta ja benci ta zauna, rediyon shagon na ta kiɗa. Udoka ya kira shago uku, duk babu. A na huɗu, can unguwar Kongo, aka ce akwai guda ɗaya. Ya ce ta koma gida ya aika mata, ta ce a nan za a gwada, a gabanta. Sai ya bar mata shagon ya hau babur.

Bayan azahar ya dawo, gumi sharkaf. Yana ɗaure wayar, shafin ya fito tas, har inda alƙalamin kakar ya yi tsartuwa. Malama Maijidda ta matso, leɓɓanta na motsi.

"Me aka rubuta ne, Hajiya?" Udoka ya tambaya.

"Waƙar daka ce. Rage rediyon nan ka ji."

Ya miƙa hannu ya kashe shi gaba ɗaya.