Tsahara a Keken Guragu

Tunda aka haifi Tsahara ba a taɓa tura ta kamar buhun gero ba sai yau. Ga ta zaune a keken guragu, jaka a cinya, wata ma'aikaciya mai ɗamammen wando tana gungura ta cikin wani makeken filin jirgin sama na ƙasar waje, inda za su canja jirgi zuwa Umra. A gaba surukinta Yahuza ne ke tafe, tumbi ya riga shi, yana kaɗa fasfo ɗinsu kamar ubansa ne ya gina wurin.

Shi ya ƙulla abin tun daga Yamai. Yahuza mijin 'yarta Humaira ne, ma'aikacin buro, wato ofis, a Malbaza, irin mutanen nan da in sun hau jirgi sau ɗaya kunnen unguwa ba ya sake hutawa. Wani ne ya tsegunta masa cewa mai tsohuwa a keke ba ya bin layi, ko'ina gaba ake wucewa da shi. Shi ke nan ya shaida wa masu jirgi wai surukarsa ba ta iya tafiya. Da suka sauka aka kawo keken har bakin ƙofa, ta dubi keken, ta dubi ƙasa, ta zauna. Mace ba ta musu da mijin 'yarta a gaban jama'a. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ba ta taɓa kai loma baki yana kallo ba, balle ta tsaya tana ce masa a'a.

Alhali duk wanda ya san rugarsu a bayan Alela ya san ƙafar Tsahara. Da ita take kai ƙwaryar nono kasuwa, ta dawo ta tarar da tatsar yamma. Kuma ƙafar nan ce ke riƙe mata da shanunta. Tun rasuwar mijinta ƙanensa Maikano yake zarya wurin dattawa, wai ta tsufa, a haɗe garkenta da nasa ta huta. Dattawa suka yanke magana: muddin tana tashi da kanta ta yi tatsa, ba mai taɓa mata ko ɗan maraƙi.

Daga cikin keken take kallon wurin, bakinta a taɓe. Ƙatti majiya ƙarfi sun jeru a kan wata hanya mai tafiya da kanta, sun tsaya ƙiƙam suna latsa waya, ƙasa ce ke yi musu tafiyar. Matakala ma ita ke hawa da mutum. A wurin bincike ta ga wani dattijo mai furfura ya cire ɗamara da takalmi, ya riƙe wando da hannu don wani ƙarfe ya yi ƙara. Da ma'aikaciyar ta kai ta banɗaki, babu buta ko ɗaya a ginin da ya fi garin Konni fitilu. Famfon ma ba shi da abin murɗawa, sai ka tara masa hannu kamar mai roƙo kafin ya ga dama ya ɗiga. Ta ce a ranta, mutanen nan sun tara komai sun manta da amfanin gaɓoɓinsu.

Yahuza kuwa daɗi kamar ya kashe shi. Duk layin da aka tsallake da su sai ya waiwayo ya dubi waɗanda suka bari a baya.

"Inna, kin gani ko? Ba don keken ga ba da muna can muna shan tsayuwa."

Ta ce, "Uhm."

Ya ɗauke ta hoto a gaban kantin turare, ya sake ɗauka a gaban agogo. Da ya samu intanet na kyauta, ya zuba su duka a zauren dangi na waya, don a san dai shi ne ya kai surukarsa Makka cikin gata.

Suna cikin wani dogon falo da ba a hango ƙarshensa, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Yahuza ya buɗe shi da ƙarfi, yana tsammanin yabo. Sai muryar Maikano ta fito, a tausashe kamar ta mai ta'aziyya.

"Mun ga hotuna. Ashe jikin ya kai haka anka ɓoye muna? Allah shi ba da sauƙi. Na nuna ma dattawa, kowa ya gani da idonai. Gobe in Allah ya kai mu yara na kora nawa kudu, sai su haɗa da nata, ta samu ta huta."

Tsahara ta gyara zama a keken. Ta san kudun Maikano. Saniyar da ta ƙetare iyaka a garkensa, sai dai a ba ka labarin ciwon da ya kashe ta.

Yahuza ya yi dariyar yaƙe. "Kada ki damu, Inna. In mun koma ni yi mishi bayani."

Bayani! Mutumin da bai san gaban saniya da bayanta ba. Ta sa ƙafa a ƙasa, keken ya tsaya cak, har ma'aikaciyar ta yi tuntuɓe. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Yahuza."

Ya daskare. Tunda ya auri Humaira bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ita ma sai da ta ji harshenta ya yi nauyi, amma ta riga ta furta.

"Zamna."

"Inna, mi kika ce?"

"Zamna cikin abin ga da ka aro. Ka ba matar ga wayar ta ɗauki bidiyo."

"Haba Inna, gaban mutane? Sai dai ki taka in ɗauke ki kina tahiya."

"Kowace gurguwa na iya taku biyu don hoto. Maikano ba yaro ba ne. Ka zamna, ko kuwa ka kira Humaira yanzu, ka gaya mata ka ba da shanun uwatta don kada ka bi layi."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba wanda ya san shi balle ya cece shi. Ya miƙa wa ma'aikaciyar wayar, ya nuna mata inda za ta danna. Matar ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta gane, ta toshe baki da hannu. Ya zauna, keken ya yi ƙara. Tsahara ta ɗora masa jakarta a cinya, ta kama mariƙin.

Ya fi ƙaramin bijimi nauyi, amma ƙasan wurin sumul ne, kuma haushi na tura ta. Ta bi gefen hanyar nan mai tafiya da kanta, ta kamo waɗanda ke tsaye a kai, ta wuce su ɗaya bayan ɗaya. Suka ɗago kai daga wayoyinsu. Ma'aikaciyar tana bin su da sassarfa, takalminta na ƙwas-ƙwas. Yahuza ya ja hula ya rufe ido.

Sai da suka kai ƙofar da za su shiga jirgi ta tsaya. Ko haki ba ta yi. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Maikano, ga mai jinyar nan ka gani. Ka nuna ma dattawa wanga shi ma. Saniya guda ta ɗaga ƙahwa daga garkena, da ƙahwata za ni bi ka har inda ka kai ta."

Ta karɓi wayar ta miƙa wa Yahuza. Ya tura a zauren dangi, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ta samu kujera ta zauna, ta kwance bakin zanenta, ta ciro dabino. Da can sai ta juya masa baya tukuna. Yau ta dube shi tsaf, kamar yadda take duban kowane ƙaton banza a kasuwa, ta jefa dabinon a baki tana taunawa.