Kai Wancan, Ka Zo Gida

A gidan rediyon da Malam Sirajuddeen ya yi aiki tun yana saurayi, a nan Jalingo, akwai wani shiri da ake kira Cigiya da Sanarwa. Wanda saniyarsa ta ɓata, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ɗan'uwansa ya yi nisa ba labari, duk nan suke zuwa. Sai su zauna a benci a bakin ofis, Malam ya fito ya saurare su, sa'annan ya shiga situdiyo, a kunna jar fitila, ya faɗa wa duniya da bakinsa. Haka ya tarar magabatansa suna yi, haka kuma ya yi har gemunsa ya yi fari.

Da aka sauya shugabanni, sai aka sauya tsari. Aka kawo kwamfuta mai jera shirye-shirye tana sakinsu ita kaɗai, aka fara watsa tashar ta intanet, aka soke Cigiya da Sanarwa aka maye gurbinsa da wani shiri mai suna Muryarku, inda kowa zai ɗauki saƙonsa a waya ya turo a saka shi yadda yake. Malam Sirajuddeen ba a kore shi ba. An bar masa ɗan lokaci ranar Juma'a da hantsi, ya shiga ya karanta sanarwar masallatai da ta rasuwa kai tsaye. Sauran ranaku kuwa yakan zo ne cikin babbar riga ya zauna a tsohon bencin nan, don ƙafarsa ba ta san wata hanya ba.

A nan wata dattijuwa ta same shi ranar Litinin. Ta sauko daga keke napep tana dafa ƙofa, ta tsaya nesa kaɗan ta durƙusa. Malam ya gane ta. Dada Fadila ce ta unguwar Abbare, matar wani tsohon makiyayi Bafulatani da ya daɗe da zama a gari. Ya gaishe ta da Fulatanci.

"Jam, Dada. Lafiya da rana haka?"

"Jam ni, Modibbo. Cigiya na kawo." Ta gyara mayafi. "Mai gidan ne jiki ya yi tsanani. Yana ta tambayar wancan."

"Wane ne wancan?"

Ta dubi ƙasa. Malam bai sake tambaya ba, don ya fahimta. Ɗanta na fari take nufi, wanda ya bar gida shekarun baya bayan saɓani da mahaifinsa a kan sayar da shanu, ba a kuma san inda ya zauna ba. Mace irin Dada Fadila ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kama sunan miji, ko da wuƙa a wuyanta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Malam. Tun zamanin waɗanda suka koya masa aiki akwai hanyar da ake bi, ita ya bi.

"To, Dada, zan riƙa faɗa, ke dai ki saurara. Suhail?"

Ta yi shiru tana kallon titi.

"Njidda? Abbo?"

Ba ta motsa ba.

"Abdulsalam?"

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya kai gefe. Malam ya gyaɗa kai. Haka ya bi ya samo sunan maigidan, ba tare da harafi ɗaya ya fita daga bakinta ba.

Ana cikin haka Lucy ta fito, shugabar sashen shirye-shirye, mace mai zafin nama wadda ba ta raina Malam ba ko sau ɗaya, ko da yake ita ta soke shirinsa. Ta ji abin da ake ciki, ta ce ai abu mai sauƙi ne. Ta ciro wayarta ta miƙa kusa da bakin tsohuwar.

"Mama, yi magana a nan. Yau yau za mu saka shi. Yaronki zai ji muryarki da kansa, ya fi wani ya faɗa."

Dada Fadila ta dubi Malam, ta dubi wayar. Sa'annan ta matso, ta ce: "Kai wancan, ka zo gida. Mai gidan ba lafiya, yana nemanka. Ka zo, an bar maganar."

Lucy ta jira ƙari, ba ƙari. "Mama, sunansa fa? Ba ki faɗi suna ba."

"Ba za ta faɗa ba," in ji Malam. "Ba ki ga abin da ake yi ba tun ɗazu?"

Da tsohuwar ta yi godiya ta tafi, Lucy ta zauna a ƙarshen bencin, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba, wannan saƙo ba zai yi aiki ba suna babu. Kowane gida akwai wancan. Kai ka san sunan, ko?"

"Na sani."

"To ga waya. Ka faɗa, in haɗa da nata, su fita tare."

Malam Sirajuddeen ya dubi wayar kamar an miƙo masa ƙwarya mara wanki. Ya ce, "'Yata, tun da na fara aikin nan ban taɓa yin sanarwa a tsakar gida ba, kaza na kuka, babur na wucewa. Wanda ya koya mini aiki ya taɓa mayar da ni gida saboda na shiga situdiyo ba hula. Ki buɗe mini situdiyo, a kunna fitila, in faɗa yadda ake faɗa."

"Situdiyo ba zai samu ba, Baba. An jera komai a kwamfuta har Alhamis, masu talla sun riga sun kama lokacin. In na taɓa, ni shugabanni za su kira. To faɗa mini sunan, ni in faɗa."

"Ba a ba ki ba. Ni aka ba, a gabanki kuwa, kin ga yadda aka ba ni. Sunan da uwa ta rufe fuska a kansa ba a miƙa shi hannu zuwa hannu. Ranar Juma'a zan faɗe shi da bakina."

"Juma'a da nisa."

"A da ma mako guda ake jira, kuma ana samun mutane."

Lucy ta tashi ta koma ciki. Da yamma aka saka saƙon Dada Fadila a Muryarku, tsakanin gaisuwar wani ango da tallar maganin gargajiya.

Washegari Simeon, tsohon injiniyan tashar, wanda suka fara aiki da Malam a shekara ɗaya, ya zo ya zauna kusa da shi yana murmushi.

"Sarkin jar fitila, ka ji abin da tsohuwarka ta zama?"

"Wace tsohuwa?"

Simeon ya danna wayarsa. Sai ga muryar Dada Fadila, an yanko ta, an ɗora mata kiɗa a ƙasa, tana maimaitawa: kai wancan, ka zo gida, kai wancan, ka zo gida. Wani ne daga cikin masu saurare ta intanet ya yi wannan aiki. Simeon ya ce tun safe ake ta tura shi. A Kasuwar Jalingo masu nama suna kiran masu wucewa da shi, matan aure suna tura wa mazan da suka daɗe a majalisa, har matarsa Dokas ta turo masa.

"Kashe," in ji Malam.

Simeon ya kashe, murmushin ya ɗauke. "Ba da mugunta suke yi ba. Ba su san ko wace ce ba."

"Shi ya sa a da ba a barin kowa ya hau iska da bakinsa. Akwai mai tsayawa tsakanin mutum da duniya."

"To ai kai ne mai tsayawar, Siraju. Ka tsaya mana. Ga wayata, mu shiga ɗakin janareta, ba kaza ba babur. In kana so in samo jar leda in rufe tocila da ita, ka sami fitilarka."

"Kai ka tsufa ba ka daina shashanci ba."

"Kai kuma ka tsufa ba ka daina jiran a buga maka ƙararrawa ba. Mijin tsohuwar nan fa an ce ko kunu ba ya wucewa."

Malam ya gyara zaman hularsa. Ya ce cigiya ba abin ɗakin janareta ba ce, kuma yanzu da aka mai da muryar matar abin dariya, ya fi kyau a bari ƙurar ta kwanta, sunan ya fito da mutuncinsa, ba a manne da kiɗa ba. Maganar tana da ma'ana, Simeon ma bai musa ba. Ya dai tashi yana kaɗa kai, ya ce Allah ya kai mu Juma'ar.

Ranar Alhamis bayan azahar aka aiko daga Abbare cewa maigidan Dada Fadila ya cika. Malam ya je jana'iza, ya tsaya a sahun gaba. Da ake saka gawar a kabari, liman ya tambaya ko babban ɗa yana nan ya shiga ya karɓa. Aka dubi juna. Wani ƙanin mamacin ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ranar Juma'a Malam Sirajuddeen ya zo da farar riga. Aka buɗe masa situdiyo, jar fitila ta kama. Ya yi sallama yadda ya saba, ya karanta sanarwar masallatai. Abin da ya shirya tun Litinin cigiya ce, amma abin da ya fita daga bakinsa sanarwar rasuwa ce. Ya faɗi sunan mamacin cikakke, da unguwarsa, da inda ake zaman makoki. Ya ƙara da cewa Dada Fadila ta Abbare tana neman ɗanta Abdulsalam, duk inda yake, duk wanda ya san shi ya isar masa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Lucy, da ke tsaye a bayan gilashi, ta ce daga baya ba ta taɓa jin an karanta sanarwa da kyau haka ba.

Ranar Asabar Malam ya koma Abbare gaisuwa. Ya tarar da wani mutum mai matsakaicin shekaru zaune a ƙarshen tabarma, ƙurar hanya ba ta bar ƙafarsa ba. Aka ce masa wannan ne Abdulsalam. Ashe a Bali yake, yana sayar da shayi a tasha. Wani direba ne ya ji sanarwar a wayarsa, ya zo har teburinsa ya faɗa masa.

Bayan an yi addu'a, mutane sun ragu, Abdulsalam ya matso ya gaishe shi.

"Baffa, an ce kai ka kira sunana. Na gode."

"Aikina ne. Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ya gyara zama. "Muryar Dada kuwa tun Talata na ji ta. A teburina yara suke kunnawa suna dariya. Ina zuba shayi na ji, har na ƙona hannu. Na san ita ce, ba wanda zai gaya mini."

"Ka ji ta, ba ka taso ba?"

"Baffa, abin da na ji kawai, ka zo gida, da kiɗa. Na ce ko wani ne ya ɗauke ta a ɓoye yana wasa da ita. Na ce ko da Bappa Abbo take, wan mahaifina, shi ma ba ta kama sunansa. Na yi ta saƙe-saƙe. Wanda ya fita yadda na fita ba ya dawowa a kan waƙar waya, sai ya tabbata da shi ake. Na ce in da ni ne, za a faɗi suna." Ya shafa hannun da ya ƙone. "Sai yau ake gaya mini akwai sauran magana a bayan wannan. Wai ta ce ba shi da lafiya. Wai ta ce an bar maganar."

"Ta faɗa. Ina wurin."

"Daga Bali zuwa nan, in ka fito da safe, kafin la'asar ka iso."

Bai faɗi haka da zargi ba. Bai ma san an miƙa wa Malam waya har sau biyu ba. Yana lissafin hanya ne kawai, kamar yadda mai zaman tasha yake yi.

Malam Sirajuddeen ya nemi ya yi wa Dada Fadila gaisuwa. Aka kai shi bakin ƙofar ɗakin da take takaba, ya tsaya daga waje, labule a tsakaninsu. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa a hankali.

"Useko, Modibbo, na gode. An ce ka faɗa da kyau. Ga shi wancan ya zo."

Malam, da bai taɓa rasa kalma a gaban makirufo ba, abin da ya iya cewa kawai shi ne Allah ya ba da haƙuri, ya juya.

A bakin titi ya tarar da Simeon a kan tsohon babur ɗinsa, ya zo gaisuwa shi ma. Simeon ya dube shi, bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya matsa gaba a kan sirdi.

"Hau in sauke ka."

Malam ya tattare babbar rigarsa ya hau. Sun kusa kwanar Sintali, wani yaro mai tura baro ya ɗaga murya yana kiran abokinsa a ƙetaren titi, kai wancan, ka zo gida, mutanen bakin shaguna suka yi dariya. Simeon ya ƙara wuta suka wuce.