Motar Goro ta Uku

Jami'in kwastan ya ɗora yatsa a kan layi na uku na takardar kotun, sannan ya juyo da ita wajen Lauya Ummaru.

"Duba da idonka. Nan an rubuta 4127. Motar da ke tsaye a waje 4172 ce. Biyu zan saki, ta ukun tana nan."

Ummaru ya karanta, ya sake karantawa. Ranar Juma'a ce a tsakiyar bazarar 1976, ƙarfe sha ɗaya ta gota. Fankar ofishin kan iyakar Jibiya tana ta juyawa, amma iskar zafi kawai take kaɗowa.

"Ofisa, kuskuren bugu ne. Kowa ya gani ya san motar ce."

"Ban musa ba, Lauya. Amma abin da alƙali ya sa wa hannu shi nake bi. Ka koma Katsina a gyara."

Su biyun sun san kafin ya isa Katsina kotu ta tashi, sai kuma Litinin.

A waje, Hajiya Nagoggo tana zaune a kan tabarma a inuwar bedi, direbobinta da kwandastoci sun kewaye ta. Shekara talatin ke nan tana safarar goro daga Kurmi zuwa Maraɗi. Kwana shida da suka wuce aka tsare motocinta uku bisa zargin an ɓoye hatsi a ƙarƙashin huhuna, don tun bayan fari aka hana fita da hatsi. An zazzage kaya ba a ga ko ƙwayar gero ba, amma tunda magana ta riga ta shiga takarda, sai da umarnin kotu. Kullum ana yayyafa wa huhunan ruwa, duk da haka ganyen da aka naɗe goron da shi ya fara bushewa.

Da ta ji bayani, ba ta ɗaga murya ba.

"Lauya, mota ta ukun ita ke ɗauke da farin goro. Wanga zafi, in ya kai Litinin sai dai a zubar. Zamanin Lauya Lado ban taɓa ganin haka ba."

Wannan suna na maigidansa shi ya soki Ummaru. Ya waiwaya ya ga Manu, ƙaramin lauyan ofishinsa, tsaye rungume da fayil.

"Kai na aika ka kwafo lambobin motocin nan. Lamba huɗu kacal! Wannan ma sai na yi da kaina?"

"Yallaɓai, shekaranjiya na so in nuna maka..."

"Rufe mini baki! Shekara nawa ka yi a Zariya da Ikko, amma kwafar lamba ta gagare ka? Zauna nan. Kada ka taɓa komai, kada ka yi magana da kowa har in dawo."

Direbobi suka sunkuyar da kai. Manu, mutum mai mata da 'ya'ya biyu, ya nemi gefen benci ya zauna.

Ummaru ya shiga motarsa Fijo ya kama hanyar ƙauyen Farfaru. Can maigidansa, Lauya Lado, ya koma da zama tun da idanunsa suka mutu, ya bar masa ofis wata tara da suka wuce. Babu wani babba a kan iyakar nan da bai san tsohon ba. In ya zo da kansa ya yi magana, wataƙila a saki motar.

Sai da ya sha wuya kafin ya fita daga garin. Manyan motoci sun yi layi har bayan kasuwa, wasu da siminti, wasu da gangunan mai, wasu da kwalayen rediyo. Sababbin babura suna ratsa tsakaninsu suna hon. Ya tuna zuwansa na farko shekara takwas baya, yana zaune a gefen Lado cikin tsohuwar ƙaramar motarsa mai tari. Lokacin shingen gora ɗaya ce a gicciye a hanya, sai raƙuma da jakuna, da wata tsohuwa mai fura wadda Lado ba ya wucewa sai ya tsaya sun gaisa. Yau ya duba gurbinta, shagon sayar da taya ne a wurin.

Ofishin ma haka yake a da. Kowace safiya Lado zai sa a kawo ƙosai da kunu, a zauna a dogon tebur, a buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Lauya da akawu da mai buga tafireta, kowa sai ya faɗi abin da ya gani. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, shari'o'i suka ninka, 'yan kwangila suka cika benci, Ummaru ya ga zaman safen ɓata lokaci ne, ya soke shi. Ya koma shi ke rubutawa, shi ke bugawa, shi ke zuwa kotu. A wata tara lauyoyi biyu sun bar shi sun tafi kamfanoni. Ya ce kwaɗayin albashi ne.

Ya tsaya a wani ƙauye ya bi jam'in Juma'a. Da ya sa hannu a aljihu zai ba da sadaka, sai ya ji wata 'yar takarda. Ya warware ta. Rubutun Manu ne, ƙanana a tsare, lambobin motoci uku. Ta ukun 4172.

Ya daɗe tsaye a bakin masallacin. Shi ya buga takardar kotun da hannunsa ranar Laraba, yana bugawa yana amsa waya. Ya kuma tuna Manu ya leƙo da kwafin a hannu yana cewa, "Yallaɓai, akwai wani abu," shi kuwa ya ce masa ba shi da lokaci.

Ya iske Lado a zaure, zaune a kan buzu yana ɓarar gyaɗar iri da lalube. Tun daga sallama tsohon ya gane muryar.

"Ummaru! Kai ne da ranar nan? Matso in ji hannunka. Af, ka rame. Ba su ba ka abinci a Katsina?"

Aka kawo fura mai sanyi. Ummaru ya kwashe labari duka ya faɗa, har da 'yar takardar, don bai taɓa iya ɓoye wa mutumin nan komai ba. Ya ƙare da roƙon ya taso su je tare.

Lado ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa.

"Wa ya karanta takardar bayan ka buga?"

"Babu kowa, Baba."

"Ina Malam Ɗantala? Shekara ashirin yana akawuna, ko ɗigo ba ya wuce shi."

"Yana nan. Na mai da shi kan karɓar baƙi."

"Hassana mai tafireta fa?"

"Tana nan ita ma."

"To mi take bugawa, tunda kai ka ɗauke mata aiki?"

Ummaru ya ajiye ƙwaryar furar. Tsohon ya karkaɗe hannuwansa ya jingina da bango.

"Ka tuna shari'arka ta farko kai kaɗai? Ta masu shanun nan a Funtuwa?"

"Yaya zan manta? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Ka miƙo mini fayil daga kan gado, na tafi a tsorace."

Lado ya yi dariya har sai da ya yi tari.

"Lafiyata lau ranar nan. Bargo na lulluɓa don ka yarda. Kana fita na shiga mota na bi bayanka. Na zauna wajen wani mai shayi daura da kotu tun safe har azahar. Kofi biyar na sha. Sau biyu ina miƙewa zan shiga, in koma in zauna. Da na hango ka fito masu shanu suna rungumarka, na yi sauri na riga ka gida na koma cikin bargo."

Ummaru ya zuba masa ido. Shekara bakwai yana ba da labarin ranar nan a matsayin ranar da ya ceci ofis.

"Da na faɗi fa, Baba?"

"Da mun ɗaukaka ƙara, in ce laifina ne, don ni na aike ka. Ni ban taɓa yin shari'ar da ta wahalshe ni kamar zaman shayin nan ba." Ya lalubo ƙwaryar furar ya tura masa. "Ba ni zuwa Jibiya. In na je yau, gobe wa za ka ɗauko? Shanye ka koma. Shi yaron da ka zaga, ka tambaye shi mi ya gani?"

La'asar ta kusa lokacin da ya dawo kan iyaka. Motoci biyu sun riga sun ƙetare. Ta ukun tana nan, kwandasta yana bisa yana yayyafa ruwa da gwangwani. Manu yana inda ya bar shi, fayil a kan cinya.

Ummaru ya so ya ja shi gefe. Sai ya dubi direba da kwandastan da Hajiya, waɗanda a gabansu ya yi zagin, ya tsaya inda yake.

"Hajiya, ku saurara. Lambar da Lauya Manu ya kawo mini daidai take, ga ta da rubutunsa. Ni na buga takardar, ni na juya lambar. Ya zo ya nuna mini, na kore shi. Manu, na zalunce ka a gaban mutane. Ka yafe mini."

Manu ya miƙe, ya dubi ƙasa.

"Ya wuce, Yallaɓai."

"Akwai wata hanya da ka gani?"

Manu ya dube shi, kamar mai auna ko da gaske ake. Sannan ya buɗe fayil.

"Umarnin bai tsaya kan lambobin kawai ba. Sakin layi na biyu ya ce motocin da aka bayyana a takardar rantsuwar Hajiya. Takardar rantsuwar tana manne da shi, da hatimin kotu, kuma a cikinta lambar daidai take, har da lambar inji. Rasiɗin da su kwastan suka bayar ranar kamu shi ma 4172 ya ce. In aka haɗa ukun, aka ƙara da alkawari a rubuce cewa za mu kawo gyararren umarni ranar Litinin, ina ganin yana da abin da zai kare kansa da shi."

"Tun yaushe ka ga wannan?"

"Tun da safe."

"Me ya hana ka..." Ummaru ya haɗiye sauran. Ya san abin da ya hana shi.

Ya kai hannu zai karɓi fayil ɗin, har yatsunsa sun taɓa shi, sai ya janye.

"Shiga ka yi masa bayani. Alkawarin ka rubuta da sunan ofis, in ya so sa hannuna ka aiko."

"Ni kaɗai?"

"Kai ka gano ta."

Hajiya Nagoggo ta gyara mayafi. "Lauya, dukiyata ce fa a motar nan. Yaro za ka tura?"

"Lauya na tura, Hajiya. In ta ɓaci, ni za ki kama."

Ya zauna a gefen tabarmarta. Ta tagar ofishin yana hango ƙeyar Manu da hannun jami'in yana juya takardu. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Ya ga jami'in ya girgiza kai, sai ya tsinci kansa a tsaye. Hajiya ta ɗago ta dube shi. Ya koma ya zauna. Ta ɓare goro ta miƙa masa rabi, ya karɓa ya tauna bai ji ɗacinsa ba. Aka kira sallah, suka yi a nan gindin bedi, ya sallame yana waiwayen taga.

Can sai ga jami'in ya fito da tocila, Manu yana biye da shi. Aka buɗe gaban motar, jami'in ya leƙa ya karanta lambar inji da ƙarfi, Manu yana bi da yatsa a takarda. Jami'in ya rufe, ya goge hannu da hankici.

"Litinin kafin azahar, Lauya Manu. In ban ga takardar ba, kai zan nema."

"Za ka gan ni, Ofisa."

Aka ɗaga ƙarfen shinge. Direba ya tayar da mota, kwandasta ya yi tsalle ya kama bayanta. Hajiya ta naɗe tabarmarta, ta ƙulla goro goma a leda ta damƙa wa Manu, ta ce Allah ya yi masa albarka. Ummaru kuwa ta ce masa ya gaishe da Lado in ya sake zuwa.

Sun bar Jibiya rana tana ja. Sun yi tafiyar mil biyu, sannan Manu ya zaro ambulan daga aljihun kwat ɗinsa ya ajiye a gaban mota.

"Yallaɓai, gara ka ji daga bakina. Wani kamfani a Ikko ya ɗauke ni. Na amsa musu tun makon jiya. Ƙarshen wata mai zuwa zan tafi."

Ummaru bai ɗauke ido daga hanya ba.

"Abin da ya faru yau ba zai sauya komai ba?"

"Na riga na ba da magana."

"Haka ne. Kada ka saɓa." Ya kauce wa wata tanka da ta taho a guje. "Saura mako shida ke nan. Akwai abin da nake so ka yi mini kafin nan, kuma yanzu za ka fara. Gaya mini abin da ake faɗa a kaina a ofis in na fita. Malam Ɗantala, Hassana, waɗanda suka tafi, har da kai."

Manu ya juyo ya dube shi.

"Duka, Yallaɓai?"

"Duka. Katsina da sauran nisa."

Manu ya kwance ledar goron, ya zaɓi ɗaya ya ɓare, ya gyara zama.

"To, sai dai ka rage gudu."

Ummaru ya ɗaga ƙafa daga totur.