Kunyar Suruki Ta Ci Sahabi

Sahabi mai gyaran waya a kasuwar Tanout, Allah ya yi shi da idon ganin aibi. Ba shi da burin da ya wuce ya zama mai gwajin wasannin waya, irin waɗanda ake ba sabon wasa su tono ɓarnarsa kafin a sake shi ga jama'a.

Ana nan sai ga dama har gida. Husaina, yayar matarsa, tana aiki da wani ƙaramin kamfanin wasanni a Yamai, kuma suna neman mai gwaji. Da ta zo ganin gida ta miƙa masa waya ta ce, "Ga wasan da na ƙera, na makiyayi ne mai kora raƙuma daga Tenhya zuwa kasuwa. Aikin hawa-hawa ne. Ka fara bugawa kamar kowa, sannan ka yi ƙoƙarin ɓata shi. In ka ga aibi ka maimaita har ka tabbatar, daga nan ka zo ka faɗa mini. In ka yi da kyau, aikin naka ne."

Hawan farko lafiya lau. A na biyu ne ya ga abin mamaki. Yana shayar da raƙuma a rijiya sai kira ya shigo, yana gama magana ya dawo ya tarar garken duka ya ɓace. Ko igiya ba a bari ba! Ya sake tara garke, ya sa maƙwabcinsa ya kira shi, haka dai. Duk wahalar da mutum ya sha, kira ɗaya ya share ta.

"Innalillahi!" in ji Sahabi. Amma cikinsa fal murna, don ya kama babban kifi.

Bayan la'asar ya nufi gidan surukai, ya cire takalmi tun daga zaure. Abin da bai lissafa ba shi ne Baba Kadi, surukinsa, yana zaune a rumfa da abokansa dattawa, yana ta yi musu alfahari da ƴarsa mai ƙera raƙumi a cikin waya.

Husaina ta ce, "To, Sahabi, me ka gani?"

Ya durƙusa, kai a ƙasa. Ina ɗan Damargu zai buɗe baki a gaban suruki ya ce aikin babbar ƴarsa rami gare shi? Tsoho ya zuba masa ido yana murmushi. Ya ce a ransa bari taro ya watse, ya aika matarsa ta faɗa wa Husaina a ɗaka.

"Wallahi, Yaya, aiki ya yi kyau. Ba laifi."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Dattawa suka hau sa albarka. Husaina ta ɗauki wayarta tana dannawa, fuska cike da fara'a. Ta ɗago ta ce, "Alhamdulillahi, dama kai kaɗai muke jira. Na gaya wa shugabanmu cewa Sahabi ya gwada ya ce babu aibi. Ga shi har ya sake wasan ga jama'a."

Sahabi bai san sanda ya miƙe tsaye ba, a gaban suruki, murya har waje: "A tsayar! Garken ɓacewa yake in kira ya shigo!"

Baba Kadi ya saki baki, carbi ya zame daga hannunsa. Husaina ta dubi Sahabi, idonta ya kawo ruwa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun safe, Yaya. Kunya ce ta..."

"Kunya." Ta miƙa hannu ta karɓe wayar gwajin. "Da ka kunyata ni a gaban tsofaffin nan, da sun yi dariya sun manta. Yanzu ka je ka gaishe da ƙanwata. Wani mai gwajin zan nema."