Fuskar Kofur Anaruwa

Ina da wata 'yar matsala da na girma da ita har na yi furfura: bakina bai iya cewa "ban iya ba". Shekara talatin ina sana'ar fenti a bayan tashar mota a Gusau, ina rubuta sunayen shaguna, ina zana zaki a bayan manyan motoci, kuma duk wanda ya kawo aiki, kafin ya rufe baki na ce masa ba komai, an gama. Wasu direbobin sukan dawo su tambaye ni ko kyanwa ce na zana musu. Ba na jin haushi.

Haka na karɓi aikin Baba Saje Nomau. Tsohon soja ne da ya haura tamanin, ya yi yaƙin basasa. Ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji ta ba ni bangon zaurenta in zana ranar da suka tsallaka wani kogi can kudu. Kogi na iya, kwalekwale na iya, hayaƙi kuwa ba wanda ya kai ni, don da shi nake rufe duk inda yatsu suka ƙi zanuwa. Fuska ɗaya ce ta tsaya mini. Baba Saje yana so a sa abokinsa, Kofur Anaruwa, wanda ya faɗa ruwan ran nan bai fito ba. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba.

Na ce, "Baba, yaya kamanninsa?"

"Mutum ne mai kirki."

"Fuskar nake nufi, Baba. Hanci, ido."

"Duk yana da su. Kuma ba ya cin kuɓewa." Sannan ya ce, "Sallau, ni kaɗai na rage da na san fuskar nan. Ranar da na tafi, ta tafi."

Na ce ba komai, an gama. Sati uku ke nan akwai farin wuri a tsakiyar bangon, girman faifai.

To, jiya bayan azahar, na ci ɗanwake fiye da yadda likita ya yarda, na kishingiɗa a kan bencin shago, sai na yi wani mafarki.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Yana ɓullowa ɗis-ɗis daga turɓaya ya yi sama abinsa. Mutane suna tafe hulunansu a bushe, wandunansu sharkaf, masu hali sun riƙe laima a kife daidai gwiwa. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wandona kamar kowa.

A gabana akwai wani ofis, an rubuta a goshinsa: Ma'aikatar Adana Yaƙi. Rubutun ya karkace, wanda ya yi bai ja layi ba. Na shiga. Wata akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana tauna gefen wani fayil. Shugaban wurin, wani bunsuru mai gemu, yana barci a saman kabad.

"Ranki ya daɗe," na ce, "fuska na zo nema."

"Ta wa?"

"Ta Kofur Anaruwa."

"Kawo hotonsa. Fasfo biyu."

"Ai hoton ne babu, shi ya sa na zo."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To ta yaya za mu san shi ne?"

Na tsaya na yi tunani, na ga tana da gaskiya. Na ce to ko fayil ɗinsa ne a ba ni in duba.

"Na adana shi tun da safe," ta ce, ta yi gyatsa. "Mu nan ba ma barin takarda a kabad, gara tana ci. Bi ta ƙofar baya ka je fili. Marasa hoto duk suna can."

Ƙofar baya ta kai ni wani dogon zaure, bango hagu da dama cike da hotuna. A nan hotunan ne ke kallon mutane. Duk wanda ya shigo sai ya ƙame, su kuma su leƙo daga cikin firam su ƙare masa kallo. Manyan hafsoshi ne yawancinsu, sun cire takalma, sun miƙe ƙafa, ana shan shayi.

"Kai, daina motsi," in ji wani mai gashin baki kamar tsintsiya. "Ba ka fito sosai ba. Mene ne aikinka?"

"Fenti, yallaɓai."

"Madalla. An zana ni sau goma sha huɗu a bakin kogin nan, ina nuna gaba da sanda. Ka gan shi? Yana da girma?"

Na ce ban kai ba tukuna.

"In ka dawo ka ba ni labari. Ban taɓa zuwa ba."

Shi ya bayyana mini dokar garin, yana juya cokali a kofi. Duk wanda aka ɗauka hoto, ko aka zana, ya gama yaƙi, sai a kawo shi nan ya huta. Wanda ba a ɗauka ba kuwa, kullum sai ya fita fili an maimaita da shi, har ranar da hotonsa zai fito.

"Tun yaushe ake maimaitawa, yallaɓai?"

"Tun da aka gama."

Sai ga ni a filin. Kogin ba na wurin ba ne. Kullum da asuba 'yan garuwa ke kawo shi a jarkoki su juye, kuma da yake ruwan sama daga cikinsa yake tashi, dole a tsallaka kafin rana ta take, in ba haka ba sai a tarar ya ƙare. An jera benci, 'yan kallo suna shan rake. Wata tinkiya da lasifika tana shirya sojoji: na nan su tsaya nan, na can su tsaya can. Bindigogin duk na karan dawa ne da aka shafa wa baƙin fenti, shafa ɗaya, ko ta biyu ba a yi ba.

Mai hoton filin hawainiya ce. Ta kafa kyamara mai ƙafa uku, irin ta da, ta lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Na tsaya na kalli aikinta. Tana fara miƙa hannu tun soja yana tsaye. Kafin hannun ya kai maɓalli, sojan ya faɗi, an ɗauke shi, wurin ya bushe. Ta nuna mini aikin shekara hamsin da ɗoriya: hotunan ruwa ne zalla, an jera su bisa kwanan wata.

"Gobe zan fi sauri," ta ce.

Na ce Allah ya sa. Ni ma haka nake gaya wa masu ba ni aiki.

A gindin wata bishiya na tarar da wani soja na ɗaya ɓangaren, yana shafa wa ƙirjinsa jan fenti tun kafin lokaci, don kada a yi ta gaggawa. An sirka fentin da kananzir da yawa, har yana zuba. Na gaya masa. Ya amsa da Hausar da ta fi tawa.

"Daga ina, malam?"

"Gusau."

"Kai haba! Nan aka haife ni, Sabon Gari. Nduka sunana, babana tela ne. Akwai wani mangwaro a ƙofar gidanmu, kusa da layin dogo. Yana nan?"

Ban san mangwaron ba. Na ce yana nan, har ya yi 'ya'ya bana.

"Ƙarya kake, amma na gode. Wa kake nema?"

Na faɗa masa.

"Anaruwa? Ai ni nake harbin kwalekwalensu, kullum ƙarfe sha ɗaya daidai. Sha ɗaya da kwata wani ya harbe ni. In an tashi sai mu ci rogo tare."

"Alhamdu lillahi. To yaya fuskarsa take?"

"Ban sani ba. Ba na kallo. In na kalla ba zan iya ba."

"Lokacin cin rogon fa?"

"Rogon nake kallo."

Ya nuna mini bakin ruwa da haɓa.

Wani mutum ne a tsugune, ya ba ni baya, yana wanke safa. Ɗan siriri, rigar sojan ta yi masa yawa. Na yi sallama. Ya amsa bai juyo ba.

"Sannu, Baba," ya ce.

Na waiga in ga wa yake kira Baba. Ni ne. Sai a lokacin na lissafa: shekararsa ashirin da biyu, ni kuwa hamsin da huɗu.

"Nomau ne ya aiko ka?"

"Shi ne."

"Yana nan da tsoron ruwansa? Ko wanka sai mun yi da gaske."

Na ce ya tsufa, jikoki har sun yi aure.

"Nomau? Wace ce ta yarda?" Ya yi dariya, ya matse safar. "To me yake so?"

"Fuskarka, in ba damuwa. Za mu sa a bango."

"Shi ke nan? Ai da an tambaya tun da."

Ya juyo. Fuska ce kawai, irin wadda za ka gani a tasha ka manta kafin ka sami kujera. Yana da wushirya, da zane uku-uku a gefen ido, girar hagu ta rabe biyu inda wani abu ya taɓa yankarsa. Na laluba aljihu, ba fensir, ba takarda. Mai fenti na shekara talatin. Na durƙusa na zana da yatsa a kan rairayi, ruwan sama ya taso ta ƙarƙashi ya yi sama da zanen. Na sake, ya sake ɗauka. Na ga hancin yana tafiya can wajen gajimare.

"Kada ka wahalar da kanka, Baba," in ji shi. "Kalla kawai."

Na kalla. Ban taɓa kallon mutum haka ba, ko matata ranar da aka kawo ta.

Tinkiya ta busa usur. Sojoji suka fara shiga kwalekwale. Ya sa safar da danshinta, ya ɗaure takalmi, ya ɗauki karansa.

"Sha ɗaya ta yi. In ka koma ka ce wa Nomau ya daina cewa shi ya sake ni. Ni na saki hannunsa. Bai iya ruwa ba, da mun tafi mu biyu." Ya taka cikin ruwan, ya waiwayo. "Kuma in za ka zana, ka ɗan ƙara mini jiki. Abincin nan ba ya isa."

Na ce ba komai, an gama.

Hawainiya ta fara miƙa hannu. Nduka ya ɗaga karansa, ya kawar da kai gefe. Na yi ihu a dakata, ba wanda ya ji, 'yan kallo suna ta tsotsar rake. Sai karan dawan ya fara ruri, ta-ta-ta-ta, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa.

Na farka. Ashe injin mai faci ne na kusa da shagona, yana ba tayar tirela iska.

Ban ko wanke ido ba. Na yage gefen wani kwalin sukari, na ɗauki fensir, na zana kafin fuskar ta gudu. Wushirya, zane uku-uku, rababbiyar gira. Na ɗan cika masa kumatu. Ba don ni na yi ba, zanen ya yi kyau. Na san fuskar ɗanwake ne ya kawo ta, ba wahayi ba, amma sati uku ba ni da ko wannan.

Bayan la'asar na tafi gidan Baba Saje. Na same shi a zaure kan tabarma, 'yarsa Uwani ta kawo mini ruwa ta tsaya daga bakin ƙofa. Na ce, "Baba, na ɗan gwada wani abu. Duba ka gani ko na kusa."

Ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya ɗaga shi daidai fuskarsa.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne. Anaruwa, ɗan banza, ka ga yadda ka bar ni na tsufa?" Ya share ido da hannun riga. "Sallau, Allah ya yi maka albarka. Yanzu ko yau aka kira ni, na shirya."

Na ce amin. Kaina ya yi girma, har na fara tunanin wanda zai zo ya ɗauke ni hoto a gaban bangon. Ina cikin neman yadda mutum mai hankali zai fara isar da saƙon da aka ba shi a mafarki, sai na ga Uwani tana yi mini alama daga bakin ƙofa. Ta taɓa idonta, ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a baki.

Kwalin a juye yake a hannunsa. Zanen ni yake kallo, abin da ke gaban Baba Saje kuwa tambarin kamfanin sukari ne.