'Yar Riƙon Doris

Tabitha ta sauka daga bas a unguwar Plumstead da kwanon gwate naɗe cikin tawul, ta bi layin jajayen gidajen nan masu kama da juna har zuwa lamba goma sha huɗu. A nan ta ja ta tsaya. An manna wata babbar takarda a gilashin tagar falo, mai launin ja da fari da shuɗi, da manyan haruffa: A DAKATAR DA BAƘI. A MAYAR DA SU INDA SUKA FITO. Ta karanta sau biyu, ta sake duba lambar ƙofa ko ɓatan kai ta yi. Sai labule ya motsa, wata ƙaramar baƙar fuska ta leƙo ta ƙarƙashin takardar, ta ɗago mata hannu. 'Yarta ce, Angelina.

Shekara biyar ke nan da ita da mijinta Choji suka zo Landan, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin jiha tana tura duk wanda ya ci jarrabawa karatu ƙasar waje. Shi ɗan Bukuru ne, yana karanta haƙar ma'adinai. Ita 'yar Kagoro ce, tana koyon aikin jinya a wani asibiti kusa da Stratford. Ba wanda ke jin yaren wani, da Hausa suka yi soyayya, da ita kuma suke faɗa. Da aka haifi Angelina, mai gidan da suke haya ya ce bai yarda da kukan jariri ba. Sai suka yi abin da ɗaliban Najeriya da na Gana da yawa suke yi a lokacin: suka buga cigiya a mujalla, ana neman Baturiyar da za ta riƙe yarinya. Doris ce ta amsa. Watan Angelina biyar aka kai mata ita, Tabitha kuwa ta koma mai zuwa ziyara kowace Lahadi bayan an tashi daga coci.

Doris ta buɗe ƙofa da fara'arta ta kullum. Mace ce mai jiki, ta doshi sittin, hannuwanta jajur don wanke-wanke. Ta ɗora shayi, ta shiga ba da labarin yadda Angie ta iya rubuta sunanta. Sai da Tabitha ta kurɓa sau uku kafin ta iya tambayar takardar.

Doris ta ce ai mijinta Len ne ya manna. Shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, an rufe tashar, yanzu wuni yake a kujera. Zaɓe ya matso, wata jam'iyya ta zo ta ce ta san waɗanda suka jawo hakan.

"Ai ba da ku ake ba, Tabitha," in ji ta. "Ku mutanen kirki ne. Da waɗancan ake."

Tabitha ta tambaye ta su waye waɗancan. Doris ta wulla hannu wajen titi, ta ambaci Indiyawan da suka sayi kantin kusurwa, da waɗanda ake ba gidajen gwamnati alhali 'yar'uwarta tana jiran nata tun ba yau ba.

"To Angelina fa?"

Doris ta dube ta da mamaki na gaskiya. "Angie? Ai Angie tamu ce."

Angelina ta ƙi cin gwaten, ta toshe hanci, ta haye cinyar Doris wadda take kira Mama. Da Tabitha ta tashi tafiya yarinyar ta rako ta bakin ƙofa, ta tambaya da Turancinta irin na 'yan unguwar: "Anti, idan aka mayar da ke, za ki riƙa aiko min da kati?"

* * *

Choji dariya ya yi da ta gaya masa. Ya tuna mata Asabar ɗin da ta wuce, da ya raka wani babban ma'aikaci da ya zo daga Jos zuwa manyan kantunan tsakiyar gari. Turawa ne suka riƙa rusuna musu, suna bin su da kaya har bakin tasi.

"Mu ba zama muka zo yi ba, Maman Angelina. Ɗalibai ne. Ƙasarmu ta fi tasu kuɗi yanzu. Wata takwas ya rage, mu ɗauki 'yarmu mu tafi."

Ya ƙara da cewa mai gidan hayarsu bai canja ra'ayi ba, ga jarrabawarta ta ƙarshe a gaba, kuma shekara huɗu Doris ba ta taɓa ko harararta ba. Duk gaskiya ya faɗa.

Mako guda tana juya maganar. A garinsu in mutum ya ƙi ka, ka sani, ba ya gaishe ka, ba ya cin tuwon gidanka. Nan kuwa akwai wata tsohuwa a ɗakin majinyatan da take aiki, da safe ta ce kada baƙin hannu ya taɓa ta, da yamma ta ɓoye mata biskit a ƙarƙashin matashi. Ta tuna lokacin da Angelina ta yi ƙyanda, kwana huɗu Doris ba ta kwanta ba. Matar da ta yi wannan, ita ce ke goge gilashin taga a hankali don kada takardar ta jiƙe. Tabitha ta rasa wacce za ta ji tsoro, wacce za ta gode wa.

* * *

Ran Asabar ta yi musayar aiki da wata abokiyarta, ta nufi Plumstead ba tare da ta gaya wa kowa ba. 'Yan sanda suka tsayar da bas tun kafin unguwar, aka ce kowa ya taka da ƙafa. Tun daga nesa take jin ganguna.

Jerin gwano ne na jam'iyyar nan. Maza ne yawanci, da tutoci a kan dogayen sanduna, 'yan sanda sun yi musu katanga hagu da dama. A bayan 'yan sandan wani taron ne daban, samarin Turawa masu dogon gashi da Indiyawa da baƙaƙe, suna yi wa masu jerin ihu. Wani Bature ya riƙo hannunta ya ce 'yar'uwa zo ki shiga cikinmu. Wani Baturen, taku uku daga nan, ya tofa miyau a gaban takalminta. Ta zame daga dukansu ta shiga layin su Doris, jerin ya biyo bayanta.

Doris tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗora Angelina a kan 'yar katangar gidan, an sa mata jar riga, tana kaɗa ƙaramar tuta, tana tafi da sautin ganga. Ga Len cikin sahu, da kwat ɗinsa na zuwa biki, riƙe da allon jam'iyyar. Yarinyar ta hango shi ta ƙwala masa kira, ya ɗago mata hannu yana murmushi.

Wani saurayi mai askakken kai a bayansa ne ya fara kukan biri. Wasu suka amshe. Sai kwalba ta taso daga cikin sahun. Doris ta kife da jikinta a kan yarinyar, kwalbar ta same ta a goshi. Ta ɗago jini na bin fuskarta, tana zaginsu da kalmomin da Tabitha ba ta taɓa ji a bakinta ba. Len ya fito daga sahu ya tsaya a tsakiyar titi, allon na lilo a hannunsa, jerin ya raba biyu ya wuce shi.

A kicin Tabitha ta wanke raunin, ta tsince ɓarɓashin gilashi, ta ɗaure da bandeji. Doris sai maimaita abu ɗaya take.

"Ban gane ba. Ba su san tamu ba ce?"

Len yana zaune a gefe. Tabitha ta wanke hannu, ta juyo ta ce yau za ta tafi da 'yarta. Ta ɗauka za a yi rigima. Doris ta dube ta, ta dubi yarinyar, ta hau sama da kanta ta haɗa akwati. Tabitha ta bi ta, ta same ta tana ninke kaya tana kuka, tana lissafa mata halayen yarinyar: ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe, ba ta cin gwaiduwar ƙwai, tana tsoron karnuka amma ba za ta faɗa ba. Tabitha tana gyaɗa kai. Ko ɗaya ba ta sani ba.

Len ne ya ɗaukar musu akwatin har tashar bas. Ya durƙusa ya ɓalla wa Angelina maɓallin wuya, ya ce ta yi wa antinta biyayya.

* * *

Yarinyar ba ta yi kuka ba sai da bas ya tashi. Nan ta miƙe a kan kujera tana dukan gilashi, tana kiran Mama. Tabitha ta rungumo ta, ta fizge. Fasinjoji suka juyo. Kwandastan, wani baƙin mutum mai furfura, ya matso ya tsaya.

Wata Baturiya mai jakar cefane ta sunkuyo, ta yi wa yarinyar magana a hankali. "Ke 'yan mata, kin san matar nan?"

"'Yata ce," in ji Tabitha.

"Yarinyar na tambaya."

Angelina ta tsagaita, ta share hanci da hannun riga, ta daɗe tana kallon fuskar Tabitha.

"Anti ce," ta ce. "Mai zuwa ran Lahadi."

Kwandastan ya yanko tikiti biyu ya miƙa wa Tabitha, bai haɗa ido da ita ba. Baturiyar ta kwashe jakarta ta dawo kujerar da ke bayansu ta zauna. Aka wuce tasha ɗaya, aka wuce ta biyu, ba ta sauka ba. Tabitha tana jin numfashinta a bayan wuyanta. Ta ɗora hannu a kan gwiwar 'yarta, yarinyar ta matsa can jikin taga, hannun ya zame ya sauka a kan kujera.