Ambaliyar Abatcha

A fadar da ke bayan kasuwar tattasai ta Diffa, wato majalisar da samari ke hira da shan shayi, ba kartar da kowa ya sani ake bugawa ba. Tasu daban ce: dodanni, aljannun ruwa, mayaƙa masu layu, duk an zana su da biro a kan kwalin sukari. Abokai biyu suka ƙirƙiro ta shekara huɗu da suka wuce. Abatcha, manomin tattasai daga Gueskérou, shi ke kawo dokoki, Nuruddeen kuma shi ke zanawa. Ko doka ɗaya ba su taɓa rubutawa ba. In gardama ta tashi, abin da bakinsu biyu ya haɗu a kai shi ne doka, magana ta ƙare. Abatcha kuwa, wallahi ko gonarsa bai yi alfahari da ita kamar wasan nan ba.

Ran wata Lahadi da la'asar yana karawa da Sadiq, ɗan wani mai kanti daga Damagaram, wanda bai fi wata biyar da shigowa fadar ba. Da Sadiq ya ga an matse shi, sai ya buga katin Ambaliya. Ya share mayaƙan Abatcha shida da gefen hannu, nasa huɗu kuwa ya bar su zaune daram.

"A'a, malam, kwashe naka ma," in ji Abatcha. "Ambaliya na cin maki uku a jikin duk wanda ke fili. Naka ba wanda zai tsira."

"Ni fa na kira ruwan! Wane boka ne zai kira ruwa ya cinye yaransa?"

"Kai ɗan birni, ka taɓa ganin Komadugu, kogin nan namu, ta cika? Shekarar da ta kwashe mini gona har da injin ban ruwa, ba ta tambayi na wane ne ba. Dalilin katin ke nan."

Fada ta kaure da musu. Abatcha ko a jikinsa, ya juya yana murmushi. "Nura, faɗa masa."

Nuruddeen na ta juya shayi daga kofi zuwa kofi, ya ƙi ɗago kai. "To... gaskiya abokin gaba kaɗai take ci."

Murmushin Abatcha ya ɓace. "Kai? Kai da ka zana katin nan kana zaune a kan buhu ina faɗa maka, taɓo bai ko bushe a ƙafata ba?"

"An gyara ne, aboki. Masu saye ba sa son katin da zai cuce su."

"Waɗanne masu saye?"

Sadiq ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwati mai sheƙi, bugun Damagaram. Ga dodannin nan duka a ciki, sun sha launi. A ƙasan Ambaliya an rubuta: "Rundunar abokin gaba kaɗai." Abatcha ya juya bayan akwatin. Suna biyu ne, Nuruddeen da Sadiq.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi," in ji Nuruddeen, murya ƙasa-ƙasa.

Wata uku ke nan suna shan shayi kofi ɗaya! Baƙin ciki ya kama Abatcha. Ƴan fada kuwa tuni sun yanyame sababbin katunan, ana miƙa wa juna ana "Kai, sun yi kyau!" Ba wanda ya waiwaye shi.

Ya sunkuya ya fara tattara tsofaffin na kwali.

"Abatcha," in ji Nuruddeen, "bar su nan. Zanen nawa ne."

Abatcha ya dube shi, ya dubi katunan. Sannan ya ajiye su a tabarma, ya nemi takalmansa.